Kwaɗon Kabejin da Na Juye a Tukunya

Hayin Banki, Kaduna
Ranar Talata da hantsi

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina fatan kin tashi lafiya, ke da abokan aikinki da marasa lafiyar da kuke jinya. Allah ya tsare ki a hanyar da za ki kama, ya kiyaye ki a jirgin ƙasa da jirgin sama, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki da kowa. Amin.

Babanku ya ce kin aiko masa cewa ranar Asabar za ki bi jirgi zuwa Ikko, daga can ki wuce Ingila karatun ungozoma na shekara uku. Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar za ki zo sallama, amma ba za ki tsaya cin abinci ba. Wannan rashin tsayawar shi ya sa na nemi takarda. Kin san rubutuna na ajin yaƙi da jahilci ne, sai ki yi haƙuri ki bi shi a hankali. Ba labarin unguwa zan ba ki ba. Laifuffukana zan jera miki, don ke ce mai su, kuma a baki ba zan iya ba. Na gwada sau da yawa, da zarar kin durƙusa kin ce "Inna, ina wuni," sai in ji kaina ina tambayarki ko kin ga tsintsiya.

Zan fara da matar nan, Karmen. Na san ba ki manta da ita ba, amma abin da kika sani rabi ne. Lokacin muna gidan gwamnati a Unguwar Rimi, shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, suka tare a gidan da ke jikin namu, ita da mijinta injiniyan aikin mai. Aka ce daga Benezuwela suke. Sai da na yi wata guda kafin bakina ya iya sunan ƙasar. Ba ta da ɗa, ba ta da Hausa, mijin ya fita da safe sai magariba. Kwana uku da zuwansu ta ƙwanƙwasa ƙofarmu da farin kwano a rufe. Na karɓa, na yi godiya, na shiga ciki na buɗe, sai ga ɗanyen kabeji an yanka shi siriri, da karas a gurje, an cakuɗa da wani farin abu wai shi mayonis. Na ce yau na ga ikon Allah, matar babban mutum ta aiko mini da abincin zomo. Ko yatsa ban sa ba. Na zagaya bayan gida na juye wa kaji.

Da yake ba a mayar da kwano fayau, na yi ɗanwake na cika mata, na kai da kaina. Ta yi mini nuni da hannu tana tambaya ko nata ya yi daɗi, na ce ya yi daɗi ƙwarai. Ita kuwa nan a bakin ƙofa ta buɗe nawa, ta sa hannu ta ɗauki ɗaya ta ci, yaji ya kama ta har hawaye, ta yi dariya ta ƙara wani. Saboda ƙaryar da na yi mata, kowace Lahadi sai ta aiko. Kajina sun yi ƙiba a shekarar nan.

To, ga shi yanzu ke ce za ki zama baƙuwa. Wata rana kaɗaici zai ishe ki, ki dafa abinki ki ƙwanƙwasa ƙofar wata. Tun da na ji maganar tafiyarki nake ganin kwanonki a hannun mace irina, kuma abin yana hana ni sukuni. Ba ni da iko da abin da za su yi miki. Amma ke, duk wanda ya miƙo miki abinci, in dai ba haram ba ne, ki ɗanɗana a gabansa. In bai yi miki ba, ki ce ba ki saba ba tukuna. Kada ki ce ya yi daɗi alhali ba ki taɓa ba.

Laifi na biyu ya fi wannan. Da yake ke ce mai Turancin makaranta, ke nake aika mayar da kwano. Tun kina dawowa nan da nan, har kika koma sai an aika kiranki. Ta tagar kicin ɗinmu ana hango nata, ina ganinku. Ita tana koya miki riƙon wuƙa, ke kina koya mata gaisuwa. Tana ƙwala miki kira da sunanki tun daga bakin shinge, tana dafa kafaɗarki, in kin yi abu daidai ta tafa. Ni ma da sunanki take kirana, wai maman wance, duk ranar da ta faɗa sai in rasa inda zan sa fuskata. Ni da na haife ki ban taɓa furta sunan nan ba, don ke ce 'yar fari. Sai "ke", sai "yarinyar nan".

Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba, gara in faɗa da sunansa. Kin tuna ranar da kika dawo da murna kina cewa, "Inna, yau ni na kaɗa mayonis da kaina, bai tsinke ba," na ce miki, "Sai ki koma wurin uwar taki ta ba ki tukwici"? Kika tsaya da kwano a hannu kina dubana. Na juya na ci gaba da tankaɗe. A raina kuwa so nake in ce ki nuna mini yadda ake yi.

Bari in gaya miki abin da ban gane ba sai da ya wuce. Ni ma 'yar fari ce. Innata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ba ta ci abinci kwano ɗaya da ni ba, kuma ban taɓa zaton ba ta sona ba. Dalili, a gidanmu na Zariya akwai kaka, akwai gwaggo uku, akwai matan baffanni. Abin da uwa ta hana, su suke bayarwa har ya yi yawa. Kakata ce ta goye ni, ita ke yi mini kirari in na yi tuwo babu gudaji. Da babanku ya sami aiki ya kawo ni Kaduna, aka sa mu a gida mai shinge, daga ni sai shi sai ke. Na ɗauko kunyar daga Zariya cif-cif, na baro kaka da gwaggo a can. Na yi ta kawar da kai, ina jin ni mai tarbiyya ce, ban lura babu mai duban ki ba. Da Allah ya kawo wadda za ta dube ki daga wata uwa duniya, sai na ji haushinta.

In Allah ya ba ki haihuwa, ban ce ki yar da kunya ba. Amma kafin ki kawar da kai daga ɗanki, ki duba ɗakin tukuna, ki ga ko akwai wanda zai dube shi a madadinki. In babu, to aikin ya dawo kanki, ki yi shi ko da mutane za su ce ba ki da ta ido.

Yanzu sai ranar da kika sani, wadda ba mu taɓa maganarta ba shekara shida ke nan. An ƙara wa babanku girma a ofis, ya gayyato abokan aikinsa da matansu cin abincin rana wata Lahadi. Gwaggo Asabe, yayar babanku, ta zo daga Zariya taya murna. Na yi shinkafa da miyar kaji. Ke kuma kika roƙi babanku ya bar ki ki yi kwaɗon Karmen a sa a gefe, ya yarda. Kina da shekara goma sha biyar.

Kina zaton ban kula ba. Ina bakin ƙofar kicin ina tsince shinkafar da na riga na tsince, idona yana kanki. Na ga kin ɓare ganyen waje kin zubar, kin raba kabejin huɗu, kin cire ƙashin tsakiya. Na ga kin yanka shi siriri kamar zaren saƙa, kin wanke a ruwan gishiri, kin baza a kwando ya tsane, har kina bi da farin ƙyalle. Kin gurza karas a gwangwanin nan da aka huda da ƙusa, wanda muke gurza kuɓewa, ya ci miki ɗan yatsa, kika tsotse kika waiga ko na gani. Na gani. Kin fasa ƙwai kin ware gwaiduwa, kina ɗiga man gyaɗa ɗigo-ɗigo kina kaɗawa har hannunki ya gaji kika sauya. Kin matse lemun tsami, kin sa sukari cokali ɗaya da ɗan gishiri. Sannan kika ajiye kowanne daban, ba ki haɗa ba sai da kika ji baƙi sun zauna. Ban taɓa ganin yarinya ta yi aiki da natsuwa irin ta ranar ba, kuma zuciyata ta cika har na ji tsoron a gani a fuskata.

Mu mata muna ɗakina. Aka zuba shinkafa, kika kawo kwaɗon a farin kwanon da kika aro, kika ajiye a tsakiya. Matar wani abokin aikin babanku, malamar makaranta ce, ta ɗiba ta haɗa da shinkafa ta ci, ta ce, "Kai! Wa ya yi wannan?" Aka nuna ki. Ta dube ni ta ce, "Maman yara, kin haifi 'ya. Wallahi ko a hotal ban ci irinsa ba. Ke ba ki ce komai ba?"

Kika ɗago kai kika dube ni. Gwaggo Asabe ma ta dube ni. Ana jira a ga ko matar ƙanenta ta zama 'yar boko har za ta yabi 'yar fari a gaban jama'a. Da na yi shiru na sunkuyar da kai, da ya wadatar, kowa zai gane. Amma bakina bai iya tsayawa inda ya kamata ba. Na ce, "Wannan? Ai shirmen yara ne. Yaushe aka fara ba baƙo ɗanyen ganye kamar akuya?" Na ɗauki kwanon, na fita tsakar gida, na juye shi a tukunyar miya da ke kan wuta, na ce bari ya ji wuta ya zama abincin mutane.

Gwaggo Asabe ta ce, "Haba, abin bai kai nan ba." Kin ji, ita da na yi don ita. Miyar ma ta lalace, ta yi wani fari-fari da tsami, maza suka ci shinkafa da mai da yaji. Ke ba ki yi kuka ba. Kika ɗauki kwanon kika wanke, kika mayar wa mai shi. Daga ranar ba ki ƙara shiga kicin ina ciki ba. Kika nemi makarantar kwana, daga nan makarantar jinya, daga nan ɗakin ma'aikata a asibiti. In kin zo sai ki gaishe ni da ladabi, ki zauna wurin babanku, in an kawo abinci ki ce kin ƙoshi. Ladabin nan naki ya fi zagi ciwo, kuma na san ni na saya.

Shawarata a nan gajera ce. Za ki yi aiki da na ƙasa da ke, za a kawo miki ɗalibai. In yarinya ta yi abu da zuciya ɗaya ta kawo gabanki, kada ki wulaƙanta shi don ki burge wani da ke zaune. Wanda kika yi dominsa zai tashi ya tafi gidansa, ya manta kafin ya kai tasha. Ke da yarinyar za a bari.

Akwai wanda ba ki sani ba. Kina makaranta aikin mijin Karmen ya ƙare. Ranar da za su tashi ta zo ƙofarmu, ta yi sallama da Hausar da kika koya mata, sau uku. Ina ciki ina jinta. Na san ta san abin da na yi, kuma ba ni da idon da zan dube ta. Na tayar da sallar da ba lokacinta ba, Allah ya yafe mini. Da na fito ta tafi, ta bar farin kwanon a kan dakali, da wuƙarta a ciki, da 'yar takarda mai sunanki. Ban ba ki ba. Na sa a ƙasan akwatina na ce sai ranar da na shirya ba ki haƙuri. Bayan nan aka karanta sunan babanku a rediyo cikin waɗanda aka sallama daga aiki, muka kwashe muka dawo Hayin Banki, kwanon ya biyo mu. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa. Ita Karmen ban san inda take ba, ban san ko tana da rai ba, haƙurin da zan ba ta ya rasa mai karɓa har abada. In kin ɓata wa wani, ki je a ranar, da kunyarki da komai. Ba ya yin sauƙi don an jinkirta, ni na gwada.

Za ki yi dariya, ko kuma ba za ki yi ba. Tun bara nake koyon kwaɗon nan a ɓoye. Nakan hau bas in tafi Babbar Kasuwa wurin masu kayan lambu da ake kawowa daga Jos. Ran farko mai kabeji ya ce, "Hajiya, ɗauki mai nauyi, wanda ya matse. Wannan da kika riƙe iska ce a ciki." Na ce masa ban je Makka ba tukuna, kuma na san abin da nake yi. Ban sani ba. Na dawo gida, hannuna da ya saba da rama da zogale ya ƙi yarda, na ce bari dai in ɗan tafasa shi kaɗan. Ya fito laɓe-laɓe yana wari. Babanku ya ci loma biyu ya ce yau azumin nafila ya kamata ya yi.

Na biyu ban tafasa ba, amma na kwarara man gyaɗa gaba ɗaya a kan ƙwai, don ni ba ni da haƙurin ɗigo-ɗigo. Ya tsinke, mai a sama, ƙwai a ƙasa. Ƙwai huɗu na ɓata kafin na yarda cewa yadda kika yi ɗin nan shi ne kaɗai hanya. Na uku komai ya yi, har na yaba wa kaina. Sai na haɗa shi tun da hantsi don in huta, na rufe na ajiye. Kafin azahar gishiri ya janye ruwan kabejin, na buɗe na tarar da shi yana iyo, ya yi laushi, ya mutu. Na zauna a kan turmi ina duban kwanon. A nan na gane dalilin da ya sa ranar nan kika ajiye komai daban-daban kina leƙen ƙofa. Abin ba ya jira. Sai mai ci ya zauna ake haɗa shi, kuma ke kin lissafa lokacinki daidai don ya iso gabana da ransa. Ranar na yi kukan da ya kamata in yi shekara biyar da suka wuce.

Babanku ya same ni a haka. Ya ce, "Ki gaya mata mana." Na ce da wane bakin? Ya ce, "Da wanda kika ɓata." Kin san shi ba ya doguwar magana.

Yanzu na iya. Ba kamar naki ba, yankana bai kai naki siriri ba, idona ya rage. Amma babanku yana ƙari, kuma ni ma ina ci. Yana da daɗi. Sanyinsa da ɗan tsaminsa suna kashe maiƙon kaza, ana jin ƙarar kabejin a haƙori. Shekara biyu matar nan tana aiko mini da wannan ina ba kaji.

Sauran nasihohin da uwa ke yi, kin san su, kin ma fi ni kiyaye su. Ki riƙe salla, ki sa rigar sanyi, ki rubuto wa babanku don yana ƙirga kwanaki ko bai faɗa ba. Ni abu ɗaya nake roƙo. Kin ga ƙafafuna zuwanki na ƙarshe, na ga kin dube su kin kawar da kai. Ke ma'aikaciyar jinya ce, ba sai na gaya miki abin da kumburin nan yake nufi ba, kuma likita bai ɓoye mini ba. Shekara uku da yawa. Allah shi ne masani, amma ban sa rai za ki dawo ki same ni ba. Ba don ki fasa tafiya na faɗa ba, in kika fasa ban yafe ba. Na faɗa ne don ki san Juma'ar nan ba ta da wata a bayanta.

Ranar Alhamis zan shiga kasuwa in zaɓo mai nauyi. Ranar Juma'a zan dafa shinkafa, a yanka zakaran nan ja. Zan yanka kabejin da wuƙar Karmen, in tsane shi, in gurza karas, in kaɗa ƙwan ɗigo-ɗigo. Ba mu da firji a nan, zan ɗora kwanukan a kan randa in rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Farin kwanon na fito da shi na wanke, takardarki tana nan ban buɗe ba, naki ne ko kin ci ko ba ki ci ba. Amma ba zan haɗa ba. Zan bar kowanne daban har sai na ji sallamarki, kin shigo kicin kin zauna. In kin ga gishiri bai ji ba, ki gyara, ba zan ce uffan ba. In kuma kin gaida babanku kin wuce, ba zan riƙe ki da laifi ba, zan kwashe in rufe, don ni ba zan iya cinsa babu ke ba.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk macen da za ki karɓi haihuwarta. Ya tsare ki daga sanyin ƙasar da sanyin mutanenta, ya ba ki maƙwabciyar da ta fi ni. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake na duba ban ga abin yafewa ba.

Kwaɗon da kika yi ranar nan ya yi kyau. Tun kafin a ɗora shi a tabarma na san ya yi kyau, kuma na yi alfahari da ke. Ki zo ki ci nawa, Ramatu. Ga shi na rubuta. Ranar Juma'a, in kin tsaya, zan faɗa da baki.

Ni ce,
Innarki